Azumin Jiran Waya

Azumin bana ya same mu a tsakiyar bazara. Tun hantsi rana take dukan mutum, kafin azahar kasuwar Ƙofa ta yi tsit, kowa ya nemi inuwa ya miƙe. Shekaranjiya ina zaune a shagona da injin ban-ruwan wani mai lambu a gabana, kwayil ɗinsa, wato naɗin wayar cikinsa, ya ƙone ƙurmus, ina warware tsohuwar wayar a hankali, sai mai injin ya goge fuska da hularsa ya ce, "Malam Haladu, don Allah tunda kake ka taɓa ganin azumi mai zafin wannan?" Na ce masa na taɓa. Bai tambaye ni yaushe ba. Amma har na tashi daga aiki hankalina ba ya shagon. Yana can shekara talatin da 'yan kai baya, cikin rumfar kwanon kamfanin kayan lantarki da ke hanyar Bagauda.

Yaran yanzu in sun wuce ta wurin, katanga kawai suke gani da dogon ɗaki wanda iska ta yaye rabin rufinsa. Mu mun san shi da ransa. An gina shi ne lokacin da aka fara kafa turakun wuta a garuruwanmu, lambuna kuma suka yawaita saboda ruwan madatsa. A cikinsa ake haɗa ƙananan taransifoma na ƙauyuka da akwatunan rarraba wuta, a kuma gyara injinan niƙa da na ban-ruwa. Da kamfanin yana ganiyarsa sai da aka raba mu biyu, masu safe da masu yamma. 'Yan Kiru da Bebeji a kan keke suke zuwa, 'yan Tudun Wada motar kamfani ke ɗauko su, samarin Doguwa kuwa ɗakuna suka kama a kusa. Bakin get ya zama kasuwa, mai koko, mai rake, mai facin keke. Duk saurayin da aka gani da shuɗiyar rigar aikin nan, ba ya shan wahalar neman aure.

Ina da shekara ashirin da biyu na shiga. Baba bai so ba. Ni kaɗai ne namiji da ya rage masa, yayyena mata biyu duk suna gidajen mazansu. Ranar da na gaya masa an ɗauke ni, yana gyaran ƙotar fartanya a zaure, bai ɗago ba ya ce, "Gonar fa?"

Na ce, "Baba, zan haɗa biyun."

Shekara biyu na haɗa. Daga nan aiki ya yi yawa, har Asabar muna ciki har magariba. Baba ya ba maƙwabci aron gonar fadama, ya riƙe ta tudu shi kaɗai. Rumbunmu da yake kai mu wata kaka ya koma yana ƙarewa kafin bazara. Ban damu ba a lokacin, tunda ina iya auno hatsi a kasuwa.

A ɓangaren naɗi aka sa ni, ƙarƙashin foman ɗinmu, wato shugaban aiki, Malam Iro, mutumin wajen Doguwa. Tun ana haƙa harsashin ginin yake wurin. Gonar gadonsa ya bar wa ƙannensa, ya ɗauko iyalinsa ya tare a gidajen kamfani. Dogo ne siriri, ba ya ɗaga murya. Shi ya koya mini yadda ake kwantar da wayar jan ƙarfe a kan katako, zagaye bayan zagaye, kana ƙirgawa a zuci, sannan a tsoma naɗin cikin wani mai mai danƙo, a gasa shi a tanderu. In ka ɓata lissafin zagaye ba zai yi maka faɗa ba. Almakashi zai miƙo maka ya ce, "Warware, ɗana. Wuta ba ta san ka gaji ba." Wanda muke teburi ɗaya da shi kuwa Buba ne, Bafulatani daga wata ruga gaba da Kiru, wanda ya bar kiwo ya zo koyon aiki, mahaifinsa ya yi shekara ba ya amsa gaisuwarsa. Kaɗo yake kirana, ni kuma in ce masa mai sanda. Hannunsa ya fi nawa kyau a naɗi, wannan ban taɓa musu ba.

Wayar nan ba a ƙasarmu ake yin ta ba. A manyan gammaye na katako take zuwa daga ƙetare. Da abubuwa suka fara tsada, sai zuwanta ya riƙa jinkiri. Aka soke aikin yamma. Aka ajiye motar Tudun Wada. Aka sallami mutane kashi-kashi, har muka rage mu wajen arba'in. Saura sati guda a ga watan azumi, Malam Iro ya jawo ƙarshen waya daga gammo na ƙarshe, ya riƙe ta a hannu yana kallo, ba ta kai kamu biyu ba.

Washegari manaja ya tara mu. Ya ce waya tana tashar jirgin ruwa, takardu kawai ake jira. Ya ce masu kamfani sun ba da umarni kowa ya ci gaba da zuwa, a buga kati ƙarfe takwas, a rufe get, a sake bugawa ƙarfe huɗu. Wanda ya yi fashi ko na kwana ɗaya, ko ya fita kafin lokaci, an cire sunansa, in waya ta zo babu shi. Lahadi kaɗai ce tamu. Sai daga baya muka gane dalili: masu kamfanin suna neman wanda zai saya ko ya zuba kuɗi, suna so duk ranar da baƙo ya leƙo ya tarar da ma'aikata cikin shuɗiyar riga.

Haka azumi ya kama. In na yi sahur na yi sallah, sai in ɗan kishingiɗa, gari na wayewa in hau keke. Tafiyar kusan awa guda ce. Da safe da sauƙi, akwai ɗan sanyin da dare ya bari a ƙasa. Mu buga kati, maigadi ya ja get, mu shiga rumfa. Mu share teburan da muka share jiya. Mu shafa wa injinan da ba sa motsi mai. Kafin ƙarfe tara aiki ya ƙare, saura awa bakwai.

Rumfar doguwa ce, rufin kwano, tagoginta can sama kusa da rufi. An hana kunna fanka don a rage shan wuta. Da rana ta ɗaga sai kwanon ya fara ƙara, ƙas, ƙas, kamar ana jifansa da tsakuwa. Warin man taransifoma ya taso daga siminti ya cika hanci. Akwai tankin ruwa a baya, amma ruwan kansa kafin azahar ya yi zafin da ba ka iya alwala da shi sai ka bari ya huce a bokiti. Muka koyi jiƙa buhunan algarara mu shimfiɗa a ƙarƙashin tebur mu kwanta a kai. Minti kaɗan buhun ya bushe, ka tashi ka sake jiƙawa. Satin farko ana hira, ana musun ƙwallo, wani ya karanta mana Ƙur'ani da ƙarfi. Sati na biyu magana ta ragu. Leɓe ya tsage, harshe ya yi nauyi. Sai ka ga manyan mutane a jere a ƙasa, ido a buɗe, kowa yana kallon agogon bango. Da an ji ƙarar babbar mota a titi sai kawuna su ɗago gaba ɗaya. In ta wuce su koma.

A gida kuma albashin da ake ba mu a lokacin ba ya kai mu rabin wata. Matata Rabi tana da ciki wata shida. Kunun tsamiyar da take dama mana na buɗa baki kullum ƙara tsinkewa yake, har ya zama kana hango gindin kwano. Ƙosai sai ranar Juma'a. Tuwon dare ta fara haɗa shi da garin rogo don ya auku, miya kuwa kuka ce da daddawa, babu mai. Na lura tana zuba wa Baba da ni, ita ta ce ta ci a madafa. Wata rana na leƙa tukunyar na ga ƙanzo take jiƙawa.

Baba a lokacin ya haura saba'in. Kullum da safe yana fita da gatari da manjagara sharar gona, ya tara kara ya ƙona. Taki ma a kan jakin maƙwabci ya riƙa kaiwa kaɗan-kaɗan. Wata rana bayan mun sha ruwa ya ce, "Haladu, shamuwa ta iso. Na ga biyu a kan kukar masallaci."

Na ce, "Na gani, Baba."

"Ruwan fari ba zai wuce kwana goma ba. Ni ƙarfina na sara ya ƙare. Ka nemi kwana biyu a wurin aikin nan naku."

"Ba sa bayarwa, Baba. In na yi fashi sun cire ni."

"Aikin me kuke yi a can yanzu?"

Ya ce, "Na ji an ce kwanciya kuke yi."

Na ce, "Waya tana hanya. In ta zo komai zai dawo daidai. Shekara takwas na yi a wurin nan, Baba, in na bari yanzu na yi asararsu ke nan."

Ya daɗe yana kallon kwanon gabansa, sannan ya ce, "Allah ya kawo ta." Ya tashi ya tafi masallaci.

Ranar Laraba, ashirin ga azumi, tun safe iska ta tsaya cak. Zafin ranar daban ne, mai ɗanko, gumi yana fita ba ya bushewa. Wajen sha biyu Buba ya tashi daga buhunsa ya je bakin ƙofar rumfa ya shaƙi iska. Ya ce, "Kaɗo, taso ka gani." Gabas ta yi baƙi ƙirin tun daga ƙasa. Kafin mu gama taruwa iska ta taso ta kwashi ganye da leda ta maka a katanga, sannan aka sako ruwa. Ƙararsa a kan kwanon nan har ba ka jin maganar na kusa da kai. Ƙamshin jiƙaƙƙiyar ƙasa ya shigo ya kori warin mai. Wasu suka fita tsakar fili da rigunansu suka tsaya, baki a rufe gam saboda azumi, ruwa yana bin fuskarsu.

Murnar ba ta daɗe ba. Kusan dukanmu 'ya'yan manoma ne, kowa ya san abin da ruwan nan yake nufi. Ruwan shuka ne, ya jiƙa ƙasa sosai. Gobe da jibi ne lokacinta. Kafin Lahadi zafin rana ya shanye laimar.

Muka roƙi Malam Iro ya je wurin manaja. Muka bi shi muka tsaya a bakin ofis. Ya cire hula ya ce, "Ranka ya daɗe, yaran nan kwana ɗaya suke roƙo. Gobe kawai. Ni zan zauna in tsare wurin."

Manajan ba mugun mutum ba ne. Shi ma azumin ya rame da shi. Ya ce, "Malam Iro, ni ma ɗan manomi ne, wallahi na san abin da kake faɗa. Amma gobe ake sa ran baƙin nan. Ni da kaina zan je Kano in taho da su. In suka zo suka tarar da rumfa babu kowa, ni da ku duka mun tashi. Ku yi haƙuri, wannan karon da gaske ne."

Da na isa gida da yamma na ɗauki sungumi na yi gona kai tsaye. Na sari layi bai fi goma ba rana ta faɗi. Da muka sha ruwa na ce wa Baba ya bari, kullum in na dawo zan riƙa yin abin da ya samu. Ya ce, "Gonar tudu a layi goma-goma? Sai Sallah ta wuce ba ka gama ba." Na ce ya dai bari.

Alhamis gari ya waye tas, rana ta fito da ƙarfinta kamar ba a yi ruwa ba, ƙasa tana tururi. A hanya duk gonar da na wuce mutane ne a ciki, mai sara a gaba, mai zuba iri a baya. Ni kaɗai ne a kan titi da shuɗiyar riga. A kamfani aka ce mu tsaya a bakin teburanmu, aka ɗora tsofaffin kwayil a kai don a ga kamar ana aiki. Aka kunna fanka ranar. Muka tsaya har azahar, babu manaja babu baƙi.

Mun idar da sallah ke nan maigadi ya leƙo ya ce ana nemana a get. Maƙwabcinmu ne, ya jingina keke yana haki, ƙafarsa duk taɓo. Ta tsakanin ƙarafan get ya gaya mini. Baba ya fita da sungumi tun da safe. Rabi da ba ta taɓa zuwa gona ba tunda aka kawo ta, ta yafa mayafi ta bi shi da ƙwaryar iri, da cikinta. Sun yi fiye da rabi. Da rana ta take tsaka Baba ya ɗaga sungumi, ya sake shi, ya faɗi a kan fuskarsa. Ihun Rabi aka ji aka zo. An kwantar da shi a gindin ɗorawa, ba ya magana.

Na ce, "Yana numfashi?"

Ya ce, "Yana yi. Ka taho mu tafi."

Maigadi ya sa hannu a aljihu ya fito da mabuɗin ƙaramar ƙofa. Ya ce, "In buɗe?" Na waiwaya. Akawun da ke kula da kati yana tsaye a barandar ofis yana kallonmu. Agogon hannuna ya nuna biyu saura kwata.

Na sha ba da labarin kamfanin nan a wurare da yawa, amma nan wurin nakan tsallake. Abin da na ce wa maƙwabcinmu shi ne, "Ku kai shi gida. Ina nan tafe ƙarfe huɗu."

Ya dube ni kamar bai ji ba. Malam Iro da ya biyo ni ya dafa kafaɗata ya ce, "Haladu, tafi."

Na ce, "Malam, katina fa? In baƙin suka zo fa? Ga Rabi ta kusa haihuwa, ga shi yanzu Baba zai buƙaci magani. In aka cire ni da me zan riƙe su?"

Malam Iro ya sunkuyar da kai. Bai sake cewa in tafi ba. Shi ma abin da ya riƙe shi ke nan.

Buba ne ya ture ni gefe. Ya ce, "Kaɗo, ubanka ne fa." Ban motsa ba. Ya tsaya yana kallona, sannan ya cire shuɗiyar rigarsa ta ka, ya ninke ta, ya ɗora a kan bencin maigadi. Ya ce, "Baba maigadi, buɗe. Ni dama na gaji da kwanciya." Ya juyo ya miƙo mini hannu: "Kawo makullin kekenka." Na ba shi. Ina tsaye na ga sun bi titi su biyu har suka ɓace.

Awa biyu da kwata na yi a bakin teburina. Ban zauna ba. Fanka tana juyawa a kaina, babu wanda ya yi mini magana, babu wanda ya dube ni. Baƙi ba su zo ba. Ƙarfe huɗu na buga kati na ari keken wani.

Na tarar Buba ya samo amalanken shanu ya kai Baba ɗakin shan magani, an duba shi an dawo da shi. Ɓarin jikinsa na dama ya shanye, bakinsa ya karkace. Yana kwance a zaure a kan tabarma, har lokacin da ƙasar gona a gemunsa. Na durƙusa na ce, "Baba, sannu." Idonsa ɗaya ya juyo ya dube ni. Na shiga cikin gida na sami Rabi zaune a ƙofar ɗaki ta miƙe ƙafafu, sun kumbura, ƙwaryar irin tana gefenta. Ba ta yi mini sannu da zuwa ba. Ta ce, "Malam, ka buga katin?"

Na ce, "Na buga."

Ta ce, "To, madalla." Ta tashi da ƙyar ta shiga madafa.

Washegari na sake hawa keke na tafi. Na san yadda wannan yake a kunne, amma haka aka yi. Yanzu ma da Baba yake kwance sai na ga kamar ba ni da wata mafita sai wayar nan. In tashi in juya shi, in wanke shi, in ɗora shi a kan tabarma mai tsabta, in bar wa Rabi sauran, in tafi in kwanta a kan jiƙaƙƙen buhu. Sallah ta zo ta wuce, ba mu ɗinka komai ba. Abin da Baba ya shuka ya tsiro layi-layi gwanin kyau, ya tsaya daidai inda ya faɗi. Daga nan zuwa iyakar gona ƙasa ce fetal.

Ruwa na biyu ya yi jinkiri, sai bayan Sallah da kwanaki ya sauka, ranar wata Asabar. Kafin a tashi Malam Iro ya tsaya a tsakiyar rumfa, abin da bai saba ba, ya ɗaga murya. Ya ce, "Jama'a, Lahadi ɗaya gare mu a sati. In kowa ya tafi gonarsa shi kaɗai, babu wanda zai gama. Mu haɗu mu riƙa bi gona-gona. Gobe ta mahaifin Haladu za mu fara." Babu wanda ya yi musu.

Sun zo su fiye da ashirin, wasu tun daga Tudun Wada. Buba ma ya ji labari ya zo da sandarsa da goran nono a rataye. Hannuwan da suka shekara takwas, goma, suna lallaɓa waya sun yi laushi, kafin hantsi duk sun yi bororo, wasu sun fashe. Malam Iro ya manta rabonsa da sungumi, saransa ya riƙa karkacewa, Buba yana binsa da iri yana cewa, "Warware, Malam, ka ɓata lissafi." Ranar ce na fara jin dariyar mutanen nan tun kafin azumi. Muka gama tamu kafin azahar, muka wuce ta wani a Bebeji. Haka muka yi ta yi duk Lahadi, shuka, sannan noman fari. Amma Lahadi ɗaya ba ta isar gona ashirin. Wasu sai da ciyawa ta fi shukar tsawo kafin layi ya zo kansu.

Damina ta yi tsaka, Rabi ta haifi 'yarmu ta fari, muka ci gaba da buga kati. Wata Litinin na iso na tarar da mutane cirko-cirko a titi. An sa wa get sarƙa da ƙaton kwaɗo, an manna takarda. Wanda ya iya Turanci ya karanta mana: an dakatar da aiki sai abin da hali ya yi. Manaja ya kwashe iyalinsa tun ranar Asabar. Maigadi ya ce shi ma da safen nan ya gani. Babu wanda ya yi hayaniya. Muka daɗe a tsaye, sannan aka fara jan kekuna ɗaya bayan ɗaya.

Na isa gida da hantsi, lokacin da ban taɓa isowa ba. Na zauna kusa da Baba na gaya masa. A lokacin ya fara iya haɗa kalma ɗaya-biyu, sai ka kasa kunne sosai. Ya yi ta motsa baki, na matsa kusa. Abin da ya ce shi ne, "Ciyawa... gabas." Gefen gabas na gonar yake nufi, inda ba a kai ga maimai ba. Na ɗauki fartanya na fita. Shekara biyu ya ƙara a duniya, bai taɓa tambayata inda nake ranar da ya faɗi ba, ni kuma ban taɓa samun bakin gaya masa ba.

Geron da Baba ya shuka da hannunsa ya yi kyau. Wanda muka shuka daga baya ya yi ƙananan kai, rabi tsuntsu ya sha. Mun ci wahala a shekarar, amma ba mu yi roƙo ba. Mutanen kamfani kuwa suka watse. Yau duk kasuwar da ka shiga daga Kiru har Doguwa, in ka ga dattijo yana naɗin fanka ko injin markaɗe, tambaye shi inda ya koya, ko dai a rumfar nan ne ko a hannun wanda ya fito daga cikinta. Buba ya koma ruga, ya yi shanu, ya je Makka kafin ni. Har ya rasu Kaɗo yake kirana, maganar ranar nan kuwa bai taɓa tayar da ita ba.

Malam Iro ne bai tafi ko'ina ba. Ba shi da gonar da zai koma, kuma ya ce kunya ba za ta bar shi ya je ya tsaya a gaban ƙannensa ba. Ya tura iyalinsa Doguwa, shi ya zauna a gidan kamfani da aka yanke wa wuta da ruwa. Aka riƙa gaya mini kullum ƙarfe takwas yana bakin get cikin shuɗiyar riga, ya zauna a bencin maigadi har huɗu.

Da muka yi girbin gero na ɗaure dami guda a keke na tafi. Na same shi kamar yadda aka faɗa, shi da maigadi a bakin get. Ya ƙara ramewa, rigar ta yi masa yawa. Ta cikin get ana hango ciyawa ta kai gwiwa a filin da muke sallah. Muka gaisa, ya tambayi jikin Baba da mai jego. Na sauke damin na ce na gayya ne, rabonsa. Sannan na gaya masa abin da ya kawo ni. Na ce na kama ɗan shago a Ƙofa, masu lambu suna ta kawo injinan da suka ƙone, ana samun waya kaɗan-kaɗan a Kano in mutum ya nema. Na ce ni kaɗai ba zan iya manyan ba, kuma akwai ɗaki a gidanmu.

Ya ce, "Haladu, in suka buɗe gobe fa? Su zo su tarar babu foman?"

Na ce, "Malam, ba za su buɗe ba."

Ban taɓa faɗin haka da bakina ba sai ranar. Ya dube ni, ya dubi maigadi. Maigadi ya kawar da kai. Sai wata babbar mota ta taho daga wajen Kano, na ga kansa ya ɗago yana binta da ido har ta wuce.

Sannan ya miƙe. Ya ce wa maigadi ya riƙe geron, shi ma yana da iyali. Ya shiga gida ya fito da ƙullin kayansa da akwatin kayan aikinsa na katako, muka ɗaure a gaban keke. Ya tattare riga ya hau baya, ya kama kafaɗata da hannu biyu.

Ya ce, "Ka bi a hankali, ɗana. Ban saba a ɗauke ni ba."